Ƙofar firjin motar zango ba ta kamawa: roba ce ta mutu, ko ƙofar ce ta sauka?

Matafiyi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ina neman shawarar masana a kan firjin motar zango, irin motocin nan masu ɗaki da kicin a ciki da ake kira RV a nan Amurka. Firjin Dometic ne, lamba RM2652, mai ƙofa biyu, firiza a sama. Yana aiki da gas, yana kuma aiki da wutar lantarki mai bolt 120. Motar ƙirar 2005 ce, firjin kuma shi ne wanda ta zo da shi. A jihar Arizona take, inda zafin rana ke wuce digiri 40 a wannan lokaci.

Firiza lafiya lau, ƙanƙara tana yin tauri. Ƙasan ne matsala. Ma'aunin zafi yana nuna digiri 5 da asuba, da la'asar sai ya hau 8 ko 9. Ƙarafunan nan masu kama da haƙarƙari da ke jikin bangon ciki suna tara ƙanƙara cikin kwana uku ko huɗu, ruwa kuma yana kwanciya a ƙasa. Hinji yana dama, mariƙi yana hagu. Sakatar ba ta shiga sai an ɗan ɗaga ƙofar sama da hannu. Robar da ke zagaye da ƙofar ba ta yage ba, sai dai ta yi baƙi-baƙi a cikin ninkinta.

A shagon kayan gyara an ce ba a sayar da robar ita kaɗai, sai dai ƙofa sukutum. Gaskiya ne? In gaskiya ne, akwai abin da za a iya yi kafin a kai ga sayen ƙofa? Allah Ya saka da alheri.

Mai Gyaran Firji

Wa alaikumus salam Malam Matafiyi. Ai ka faɗi cutar da bakinka: sakata ba ta shiga sai an ɗaga ƙofa. Roba ba ta hana sakata shiga. Ƙofarka ce ta sauka. Ko da ka samu sabuwar roba ka saka a ƙofar da ta karkace, iska za ta ci gaba da shiga ta inda take shiga.

Maganar mai shago tana da ƙamshin gaskiya. A yawancin firjin Dometic da Norcold na motocin zango, tun a masana'anta ake cusa gindin robar tsakanin filastik ɗin cikin ƙofa da jikinta, sannan a ɗura kumfar riƙe sanyi ta manne komai wuri guda. Shi ya sa kamfanin ke sayar da ƙofa ba roba ba. Amma kada ka fitar da ko sisi tukuna, fara gano ainihin inda iskar ke shiga.

Ka daidaita motar a fili mai lebur, ka kwashe duk abin da ke cikin aljihunan ƙofa. Ka ɗauki takardar dala ɗaya, don ba ta saurin yagewa kamar takardar rubutu. Ka sa ta tsakanin roba da jikin firji, ka rufe ƙofa har sakata ta shiga, ka ja takardar a hankali. Inda robar ke kamawa za ka ji tana riƙe takardar, inda ba ta kamawa za ta zame ba tare da wata turjiya ba. Ka bi ƙofar kaf, duk faɗin tafin hannu ka gwada, ka manna guntun salatif a duk inda ta zame. Kusurwoyi huɗun nan ka gwada kowacce sau biyu. Gefen hinji ya fi wuyar gwadawa kuma shi aka fi tsallakewa, kada ka tsallake shi. Da dare kuma ka kunna tocila mai haske ka ajiye a ciki tana fuskantar ƙofa, ka rufe, ka kashe fitilun mota ka duba ko haske na leƙowa. Tocila ba ta kai takarda nuna gaskiya ba, domin roba na iya taɓa jiki ta tare haske alhali ba ta matse ba, amma tana saurin nuna babban giɓi.

Salatif ɗin da ka manna su za su ba ka labari. In sun taru a kusurwar sama ta gefen mariƙi, ƙofa ce ta sunkuya. In sun jeru a layin ƙasa gaba ɗaya, ƙofar ta zauna ƙasa baki ɗayanta, robar ta sauka daga inda ya kamata ta dafa. In sama ta kama ƙasa ta buɗe a gefe guda, ko akasin haka, ƙofar ta murɗe ko kuma akwatin firjin ne ya murɗe. In kuwa wuri ɗaya ne tak a tsakiyar layi, to nan ne za a zargi roba.

Don ka tabbatar, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙofar firiza da ƙofar ƙasa, a dama da kuma a hagu. Ya kamata su zo daidai. In ta hagu ta fi ta dama faɗi da milimita 3 ko fiye, magana ta ƙare. Sannan ka buɗe ƙofar rabi, ka kama ta ta ƙasan mariƙi ka ɗaga. In ta yi wasa sama da ƙasa kana jin ƙwas-ƙwas, hinji ya ci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk nauyin ƙofar yana zaune ne a kan ƙusar hinjin ƙasa, tsakaninsu kuma ɗan wosha ne na filastik. Firjin gida a tsaye yake shekara da shekaru, na mota kuwa kowane rami a hanya sai ya buga ƙofar a kan wannan ɗan wosha. Shekara kusan ashirin ana wannan dukan, dole ya cinye.

Gyaran: kashe firji. A masu ƙofa biyu ana fara cire ta sama, a kwance ƙusar hinjin sama a ɗaga ƙofar firiza, sannan a kwance ta tsakiya, a karkato ƙofar ƙasa waje kaɗan a ɗaga ta daga ƙusar ƙasa. Ka ɗauki hoto kafin ka kwance kowane abu, ka kuma lura da inda kowane wosha yake, don suna faɗuwa su ɓace. Ka kwantar da ƙofar a kan bargo, ka duba ramin da ƙusar ke shiga a kusurwar ƙasa. In ramin yana nan a zagayensa, aikinka ya yi sauƙi: ka tafi da ƙusar shagon kayan gini ka sayi wosha na nailan da ya shige ta daidai, mai kaurin kimanin milimita 1, guda uku ko huɗu. Ka fara da ɗaya a kan ƙusar ƙasa, ka mayar da ƙofa ka gwada sakata. In ba ta shiga da kanta ba, ƙara na biyu. Da wuya a wuce biyu ko uku. Kada ka cika, ƙofar za ta riƙa gogar hinjin tsakiya ta ƙi rufuwa da kanta. Wosha na ƙarfe ma yana ɗagawa, amma yana cin filastik ɗin ƙofa, nailan ya fi.

In ramin ya zama kamar ƙwai ko filastik ɗin kusurwar ya tsage, wosha kaɗai ba zai yi ba. Ana sayar da ƙaramin farantin ƙarfe na gyaran hinji da ake ɗaurawa a kusurwar da sukuru, ka nema da lambar firjinka. Kafin ka mayar da ƙofa, ka duba sukurorin da suka riƙe ƙarfen hinjin a jikin firji. Girgizar hanya tana kwance su, wani lokaci ma su kaɗai ne matsalar.

Injiniya

Oga Mai Gyara ya gama da hinji, ba ni da ƙari a kai. Ni abin da nake so Malam Matafiyi ya fahimta shi ne me ya sa ɗan giɓin da firjin gida zai shanye ba a sani ba yake durƙusar da wannan.

Firjinka ba shi da kwamfireso. Zafi ne ke tafiyar da shi: harshen wutar gas, ko hita ta lantarki mai wat 300 da 'yan kai, tana dafa ruwan da aka haɗa da amoniya, amoniyar ta tashi ta huce ta koma ruwa, ta gangaro ta haɗu da iskar haidurojin ta ƙafe, ƙafewar nan ce ke jan zafi daga cikin firji. Wasu ɗalibai biyu a Sitokholm, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro tsarin a 1922, Electrolux ya shiga ƙera shi, Dometic kuma daga jikin Electrolux ya fito. Wanda ya san firji mai kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitocin karkara a gida, to ɗan gidansu ne. Amfaninsa ba ya ƙara kuma ba ya buƙatar wuta mai yawa. Aibinsa rauni: kaso kaɗan na zafin da aka ƙona ne ke komawa sanyi. Shi ya sa in aka kunna shi daga ɗumi sai ya kwana kafin ya yi sanyi sosai, kuma in aka bar ƙofa a buɗe na minti ɗaya sai ya daɗe yana farfaɗowa.

Iskar da ke shigowa ta giɓi kuma ba zafi kaɗai take kawowa ba, tana ɗauke da danshi, wanda a cikin mota yake fitowa daga girki da wanka da numfashin mutane, ko da waje hamada ce. Kowane giram ɗaya na tururi da ya daskare a kan ƙarafunan nan yana sakin zafi kimanin jul 2,800. Giram 100 na ƙanƙara ke nan jul 280,000. A ƙaddara firjin yana iya fitar da wat 60, sai ya yi fiye da awa ɗaya yana aiki a kan wannan ƙanƙarar kaɗai, abinci bai samu komai ba. Bayan haka ƙanƙarar ta zama bargo a kan ƙarfen, ta hana shi taɓa iskar ciki. Mafi muni, akwai ɗan ma'aunin zafi mai waya da aka maƙala a jikin ɗaya daga cikin ƙarafunan, shi ke gaya wa firji ya kunna ko ya huta. In ƙanƙara ta binne shi, sai ya riƙa cewa sanyi ya isa alhali madara tana digiri 9. Wannan ne ya sa firiza ke lafiya ƙasa na wahala. Abin da ake nema a ƙasa digiri 4 ne ko ƙasa da haka, wato 40 a ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka, firiza kuma 18 ƙasa da sifili.

Don haka kafin ka yanke hukunci a kan ko gyara ya yi, ka narkar da ƙanƙarar tas. Kashe firji, buɗe ƙofofi, sa kwanon ruwan zafi a ciki, shimfiɗa tawul. Kada wuƙa ko sukundireba ta kusanci ƙarfen, in ka huda bututu firji ya tafi ke nan. Awon ma ka gyara yadda kake yinsa: ka tsoma ma'aunin a kofin ruwa a shiryayye na tsakiya ya kwana, domin zafin iska yana tsalle duk lokacin da aka buɗe ƙofa, na ruwa shi ne na abinci.

Akwai wata ƙofar iska da ba a gani. Ruwan da ke ɗiga daga ƙarafunan yana taruwa a ɗan faranti, ya bi siririn tiyo ya fita ta bayan firji. Ka buɗe murfin waje na jikin mota ka nemo bakin tiyon. A bakinsa akwai ɗan toshi mai ƙananan huji wanda ke barin ruwa ya fita, ya rage shigar iska da ƙwari. In toshin ya faɗi, ko tiyon ya bushe ya karye, iska mai zafi daga bayan firji tana hawowa kai tsaye. In kuma ya toshe da datti, ruwa ya koma ciki, wanda zai iya zama ruwan da kake gani a ƙasa. Ka zuba rabin kofin ruwa a farantin, wani ya tsaya a waje ya ga ko ya fito.

Fitilar ciki ma ka duba. Ƙofar da ta sauka takan kuskure maɓallin da ke kashe fitila, ƙwan ya kwana a kunne yana dumama ciki. Ka sa wayarka tana ɗaukar bidiyo a ciki ka rufe, za ka gani.

Kuma a yi wa firjin adalci: a zafin digiri 40, ko ƙofa lafiyayya ce, irin wannan firji yana jin jiki. In gefen da firjin yake yana fuskantar rana da la'asar, juya motar ko yi masa inuwa. Ƙaramar fanka ta bolt 12 a bayan firji mai tura iska sama zuwa mafitar rufi tana taimakawa ƙwarai.

Maman Iman

Sannunku da ƙoƙari. Baƙi-baƙin da Malam Matafiyi ya ce yana gani a ninkin roba fumfuna ce da danƙon abin da ya zube, kuma ita kanta tana hana kamawa. Robar nan ninki gare ta kamar zugazugi, a cikin leɓenta kuma akwai siririn maganaɗisu. Maganaɗisun ne ke jawo leɓen ya miƙe ya dafe jikin firji. In lemo ko miya ta bushe a cikin ninkin, sai ya manne ya kasa miƙewa.

A wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, a buɗa ninkin da yatsa a bi shi da tsohon burushin haƙori. Don fumfuna, babban cokali ɗaya na bekin soda a lita ɗaya ta ruwan ɗumi ya isa. Ban da bilic mai ƙarfi, ban da fetur ko sinadarin goge fenti, suna busar da roba ta yi tauri ta tsattsage. A goge fuskar firjin da robar ke dafawa ita ma, a busar da duka biyun sosai.

Inda robar ta kwanta ta ƙi tasowa, a ɗauko na'urar busar da gashi a sa ta a matsakaicin zafi, a riƙe ta nesa da robar kamar tsawon yatsa biyu, ana kaɗa ta ba a tsayawa wuri ɗaya. Minti ɗaya zuwa biyu robar za ta yi laushi. A ja leɓen waje da yatsu a hankali, a rufe ƙofa a bar maganaɗisu ya riƙe ta har ta huce a haka. Wani wurin sai an maimaita sau biyu ko uku. A kula da filastik ɗin cikin ƙofa, siriri ne, zafi ya yi yawa zai lanƙwashe kuma ba ya komowa. Bindigar zafi ta masu fenti kam kada a kawo ta kusa. Bayan an gama a shafa basilin kaɗan, musamman a gefen hinji inda robar ke gogar jiki tana naɗewa.

Sannan a rage wa ƙofa kaya. Galan ɗaya na madara ya kusa kilo 4. A sa biyu a aljihun ƙofa a hau hanya mai gargada, wosha sabo ma ba zai daɗe ba. Masu nauyi su koma shiryayyen ƙasa ranar tafiya, ƙofa ta ɗauki ƙananan kwalabe. A kuma duba ko wani shiryayye ko akwatin kayan miya bai zauna daidai ba yana tokare ƙofa daga ciki, yana faruwa fiye da yadda ake zato.

Mai Gyaran Firji

Hajiya, duk na yarda ban da basilin. Ba wai zai narkar da robar yau ko gobe ba ne, amma daga man fetur aka samo shi, kuma a hamada yana kama ƙura ya zama danƙo, wata biyu an koma gidan jiya. Girís na silikon, wanda masu aikin famfo ke shafa wa robobin famfo, ya fi shi, kuma ɗan kaɗan ake so, a shafa a goge har sai santsi kawai ya rage. Kowanne aka shafa dai, santsi yake bayarwa, ba ya cike giɓi. In takarda tana zamewa kafin a shafa, matsalar tana nan bayan an shafa.

Akwai kuma abin da ya kamata Malam Matafiyi ya duba tunda firjin ya daɗe. Sakatar tana da matsayi na ajiya a wasu samfurori, wanda ke riƙe ƙofa a ɗan buɗe don iska ta shiga lokacin da motar ke ajiye ba a amfani da ita. In ta maƙale a nan, ƙofa za ta yi kamar ta rufu alhali da saura.

Matafiyi

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Ga sakamako. Tazarar tsakanin ƙofofi ta fi faɗi a hagu da milimita 4. Woshan ƙasa ya cinye ya zama kamar takarda, ramin ƙusa kuma lafiya yake. Wosha biyu na nailan suka shiga, yanzu sakata tana shiga da kanta. An wanke roba an gasa ta. Takarda tana kamawa ko'ina sai wuri biyu: kusurwar ƙasa ta hagu, kamar tsawon yatsa, da kuma ƙasan gefen hinji inda na ga robar ta ɗan tsage a cikin ninki, kusan inci ɗaya. Toshin bakin tiyo babu shi. Me ya rage?

Mai Gyaran Firji

Madalla, mafi yawan aikin ya wuce. Toshin tiyo ba shi da tsada, ka saya ka mayar. Kafin ya iso, ka lanƙwasa tiyon ya yi ɗan gwiwa ƙasa yadda ruwa kaɗan zai zauna a ciki ya tare iska, ka ɗaure da igiyar filastik, amma kada ya taɓa bututun da ke zafi.

Kusurwar da ta ƙi tasowa ana yi mata ciko daga baya. Ka sayi igiyar soso mai zagaye da magina ke cusawa a tsagar taga kafin su sa silikon, mai kaurin inci kwata, wato milimita 6. Ka yanko tsawon wurin da ɗan ƙari, ka fere bakinta biyu su yi tsini don kada a samu tudu, ka ɗaga leɓen robar ka tura ta cikin ninkin da bayan cokali. Auduga ma tana yi na ɗan lokaci, amma tana shan ruwa ta yi fumfuna. Hatsarin ciko shi ne wuce gona da iri: in ya yi kauri, wurin zai tokare ƙofa, gefensa biyu su buɗe, ka toshe rami ɗaya ka haƙa biyu. Don haka bayan ciko ka sake bin layin gaba ɗaya da takarda, ba wurin kaɗai ba.

Tsagar kuma, tunda a cikin ninki take ba a fuskar da ke dafa jiki ba, tana gyaruwa. Ka goge da ɗan sifirit ta bushe, ka shafa gam na gyaran leda mai kauri, irin wanda ake like katifar iska ko tantin mota da shi, ka haɗe bakin ka riƙe da salatif. Sufa-gulu bai dace ba, yana bushewa ya yi tauri kamar gilashi, ninkin kuma motsi yake kullum, zai sake tsagewa a gefensa. In ka ga gam zai iya taɓa jikin firji, sa ledar abinci a tsakani kafin ka rufe, ka bar shi awa 24.

In bayan wannan kusurwar hagu ta ƙasa ta ci gaba da buɗewa, to a koma kan murɗewa. Ka ɗora doguwar rula ta ƙarfe a fuskar firjin, a tsaye da a kwance, ka ga ko akwai inda ta bar jiki. Ka auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya bambanta da fiye da milimita 3, akwatin firjin ya karkace. Yawanci sukurorin da suka ɗaure fuskar firji a jikin katakon kabad ne suka ja shi, ko katakon da yake zaune a kai ya lotsa. Ka sassauta sukurorin gaba, ka ga ko giɓin ya rufe, ka cusa siririn katako a inda aka samu sarari, ka ɗaure a hankali kana gwada takarda bayan kowane sukuru. Ka kuma yi gwajin sau biyu, ƙafafun da ke tallafe mota suna sama da kuma suna ƙasa. In an danna ƙafa ɗaya fiye da sauran, jikin motar kan ɗan murɗe, ƙofofin kabad da na firji su nuna.

Ranar da robar ta yi tauri ko'ina kamar busasshiyar fata, ciko da ɗumamawa sun daina amfani. Hanya biyu ce: sabuwar ƙofa, wadda ake mayar mata da allon ado na tsohuwar, ko a yanke tsohuwar roba da reza a bar gindinta, a manna robar maganaɗisu ta gama-gari a kai. Ta biyun tana yiwuwa amma tana son haƙuri. Kaurin sabuwar dole ya zo daidai da tsohuwar, in ya fi, gefen hinji zai tokare. Kusurwoyi ana yanka su a digiri 45 a haɗe, kuma nan ne aka fi samun yoyo. Kafin gam ya taɓa komai, a ɗora guntun robar a fuskar firji a tabbatar maganaɗisun yana kamawa.

Injiniya

Ƙari biyu a kan maganar sassauta sukurori. Sassautawa kaɗan ba komai, amma in har za a jawo firjin waje, a rufe tukunyar gas, a zare filogin 120, a cire wayar batir. Zagayen fuskar firji akwai abin toshiya da ke raba ɗakin mota da bayan firji inda gas ke ci. Dole ya koma yadda yake, domin ta nan hayaƙi mai kisa marar wari zai iya shigowa inda ake kwana. Duk mahaɗin gas da aka taɓa a shafa masa ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa.

Na biyu, tunda ka ce RM2652 ne na 2005: yana cikin samfurorin da Dometic ya yi wa kiranye, wato ya nemi a kawo su a gyara, saboda bututun tukunyar dafa amoniya da ke iya tsagewa ya jawo gobara. An fara kiranyen a 2006, aka faɗaɗa shi a 2008 ya haɗa da waɗanda aka ƙera har zuwa Satumban 2006. Lambar siriyal ta firjin tana kan takardar da ke manne a jikin bangon ciki, ka ba dillalin Dometic ya duba ko an yi masa gyaran. Tunda murfin waje a buɗe yake saboda tiyo, ka haska wajen bututun hayaƙi. In ka ga gari ruwan ɗorawa ko ka ji warin amoniya, kashe firjin nan take, kada a sake kunna shi da gas ko da wuta.

Daidaiton mota kuma ba don ƙofa kaɗai ba ne. Ruwan da ke cikin bututun da nauyinsa yake gangarowa, in motar ta karkace sosai tana tsaye firji na aiki, ruwan yana taruwa wuri ɗaya tukunyar ta yi zafi fiye da kima, lahanin kuma ba ya gyaruwa. Iyakar da aka saba bayarwa ita ce digiri 3 gefe da gefe, digiri 6 gaba da baya, in kana fuskantar firjin. Ɗora ƙaramin ma'aunin magina a ƙasan firiza, in ƙwayar iskar tana cikin layi ko rabinta ya ɗan fita, ka wuce.

In gam ya bushe, kunna firjin da yamma babu kaya a ciki sai kofin ruwan awo, ka bar shi awa 12 ba a buɗe ba, ka karanta da safe, ka sake karantawa da la'asar. Abincin da za ka mayar ya zama mai sanyi tun daga wani firjin. Kwana huɗu bayan nan ka leƙa ƙarafunan: ɗan farin hazo a kansu ba laifi, amma in ƙanƙara ta fi taruwa a gefe ɗaya, ta wannan gefen za ka sake bin ƙofa da takarda.